Makiyayin Ungulayen Tudun Kanya

Ku matso nan. Mai jin barci ya tashi ya tafi ɗakin uwarsa tun yanzu, don ba na maimaita magana, kuma ba abin dariya a cikin wannan.

A Tudun Kanya an yi wani mahauci ana ce masa Korau. Gidansu gidan fawa ne tun kaka da kakanni. Ƙato ne mai saurin hannu, kafin mutum ya gama alwala ya feɗe akuya. Sai dai zuciyarsa ba ta ƙoshi. Abin da ya gani a hannun wani, shi yake so.

Mahautan garin suna da wata al'ada. In an kayar da dabba a kwata, kafin a sayar wa kowa ko da tsoka ɗaya, sai a wasa wuƙa da wuƙa, a yanki hanji a jefa baya. Wannan rabon ungulu ne. Su kuwa ungulayen sun san ƙarar wuƙaƙen nan kamar yadda kaji suka san ƙarar tsaba. Da an fara wasawa sai a ga inuwa tana tasowa daga babban rimin fadama, inda suke da sheƙa. Su sauka, su cinye ƙazantar wurin, su bar shi tas. In jaki ya mutu a bayan gari da hantsi, kafin la'asar sai ƙashi. Ba wanda ya taɓa gode musu. Yara ma jifansu suke yi, ana zagin mutum da sunansu. Amma ɗan gidan fawa ba ya ɗaga musu hannu. Haka suka taras, haka suke yi.

Wata bazara sai ga wani baƙo da buhu a kafaɗa. Mai sayen kayan tsibbu ne. Kawunan ungulu yake nema, ya ce akwai masu biya da tsoka a manyan birane, masu neman sa'a da mulki. Ya riga ya gwada da kansa. Ya zuba guba a mushen akuya ya ajiye a fili, ungulayen suka yi ta kewayawa a sama har rana ta faɗi, ko ɗaya bai sauko ba. Ba su san shi ba. Da ya zauna a kwata ya ga abin da ke saukar da su, sai ya ja Korau gefe.

Korau bai yi dogon tunani ba. Babur yake so, ya daɗe yana so.

Ya samu wani tsohon jaki mai ciwo, ya ja shi zuwa gindin rimi da tsakar rana, lokacin da zafi ya kora kowa cikin inuwa. Ya kashe shi, ya farke cikinsa, ya zazzage maganin ƙwarin gona a ciki ya cuɗa da sanda. Sannan ya ja da baya, ya zaro wuƙaƙensa biyu, waɗanda ubansa ya bar masa, ya fara wasawa.

Suka sauko. Dukansu suka sauko, har da masu kwanci a kan ƙwai. Suna tafe suna ɗingishinsu, suna wucewa ta gaban ƙafarsa ba tsoro, don sun san shi tun yana yaro.

Ba a jima ba suka fara faɗuwa. Wani ya buɗe fiffike ya kasa rufewa. Wani yana ta juyi a ƙasa yana amai. Baƙon ya gaya masa kan da aka yanke da sauran rai ya fi daraja, saboda haka Korau bai jira su mutu ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana takewa da ƙafa yana yankewa, ba bisimilla. Ya cika buhu. Gangar jikin ya tara ya cinna wa wuta. A saman rimin 'ya'yan da ke cikin sheƙa suka yi ta kuka, kwana da kwanaki, muryar tana raguwa, har aka wayi gari shiru.

Ranar kasuwa aka kayar da sa a kwata. Sarkin Fawa Anaruwa, wanda ƙanen uban Korau ne, ya wasa wuƙa ya jefa hanji. Hanjin ya faɗi, ya zauna a inda ya faɗi. Ya sake wasawa. Ya ɗaga kai ya daɗe yana duban sama. Sannan ya sauke ido a kan sabon babur ɗin da ke jingine a jikin katanga.

Ya ce, “Korau, babur ɗin nan naka warin me yake yi?”

Korau ya ce warin fetur ne, Baffa. 

Daga nan garin ya fara ruɓa. Mushe ya kwana, ya wuni, ya kumbura ya fashe a bayan gari. Ƙudaje suka yi baƙi a bakin kowace kwarya. Karnukan da ba a san daga inda suke ba suka cika juji, suka yi ƙiba, suka daina tsoron mutum. Ɗaya ya haukace ya ciji wata mata a hanyar rijiya, ta mutu tana haushi. Gudawa ta shiga gidaje. Mutane suna ta cewa annoba ce daga Allah. Korau yana ji, yana goge babur ɗinsa.

Wata rana yana dawowa daga cin kasuwar wani ƙauye, ya yanke ta fadama don ya rage hanya. Rana tana tsaka. Daidai gindin rimin babur ɗin ya mutu. Ya buga, ya buga, ya ƙi tashi.

Sai ya lura ba ya jin komai. Ba kukan kurciya, ba gyare, ba motsin ganye. 

Wani tsoho yana zaune a kan saiwar rimin. Da Korau ya tsaya ba ya wurin. Rigarsa kalar toka, doguwa har ƙasa. Kansa ba gashi ko ɗaya. Ya ɗora sandar kiwo a kan gwiwa.

Korau ya yi sallama. Tsohon ya amsa, ya kira shi da sunansa da sunan ubansa da na kakansa. Bakinsa yana motsi a nan gaba, amma muryar daga saman itacen take saukowa.

Korau ya sunkuyar da kai don kada su haɗa ido. Da bai sunkuyar ba da ya fi masa. Ƙafafun tsohon sun leƙo daga ƙarƙashin rigar. Yatsu uku a gaba, ɗaya a baya, masu ɓawo-ɓawo, farcen ya nutse cikin saiwar.

Ya so ya karanta abin da ya sani na tsari. Ko aya ɗaya ba ta zo masa ba.

Tsohon ya ce shi makiyayi ne, dabbobinsa yake nema. Ya yi maganar a hankali, ba faɗa, kamar mai ba da labarin gona. Ya ce tun kafin a halicci uban mutane na farko aka ba shi kiwon dajin nan. Da yana da giwa, tana shan ruwa a inda yanzu ake shuka albasa. Yana da ɓauna da gwanki da jimina. Yana da zaki. Ya ce duk an karɓe su, ɗaya bayan ɗaya, bai ce komai ba, don wasu yunwa ce ta sa aka kashe su, wasu tsoro. Aka sare dajin aka yi gawayi, ya yi shiru. Abin da ya rage masa a duniya su ne waɗannan munanan, masu sanƙo, waɗanda ba wanda yake cin namansu, ba wanda suka taɓa cuta.

“Ku ne auta,” in ji shi. “Kowa ya riga ku zuwa. Kiyashi ma yayanku ne. Kun zo kun taras an share gida an ɗora tukunya. Kuka cinye tuwon, kuka fasa tukunyar, yanzu kun koma kan masu wanke-wanke.”

Korau ya durƙusa. Ya ce kuskure ne, Baba. Ya ce zai ba da sa, zai yi sadaka, zai ba da babur ɗin.

Tsohon ya ce shi ba ya cin sa, ba ya hawan ƙarfe. Ya ce aikin da ungulayen suke yi ba a soke shi ba. Mushe yana nan yana jira, dole wani ya ci.

“Ka kawo mini mace da namiji masu rai kafin ruwan farko ya taɓa ƙasa. In ka kawo, mun rabu. In ba ka kawo ba, aikin yana wuyanka.”

Korau ya ɗago kai. Ba kowa a kan saiwar, sai ramukan farce. Babur ɗin ya tashi da bugu ɗaya.

A hanya har ya ɗan yi murmushi. Ungulu? Abin da ya cika kowace kwata a ƙasar Hausa? Ya ɗauka aikin yini ɗaya ne.

Da gari ya waye ya nufi garin da ke gabas da su. Mahautan can suka ce rabonsu da ganin ungulu tun bara waccan. Ya wuce gaba. A wani gari aka nuna masa kututturen rimi, aka ce an sayar wa masu katako, tsuntsayen suka tashi ba su dawo ba. A wani kuma aka ce makiyaya sun sa wa kura guba, ungulaye suka ci suka zube. A wani garin da ya tambaya, wani saurayi ya ce menene ungulu, sai da wani dattijo ya kwatanta masa. Wasu mahautan suka yi masa dariya, suka ce ko surukarsa ce ta ɓata yake cigiya. A wata kwata kuma mahaucin ya kawar da kai ya ƙi amsawa, Korau ya duba ya ga sabon babur a jikin bango, ya gane.

Duk inda ya tsaya sai ya zaro wuƙaƙensa ya wasa, ya ɗaga kai. Sama fayau, ko shirwa babu.

Zafi yana ƙaruwa. Da yamma gabas ta fara yin duhu tana washewa. Manoma suna murna suna gyaran sungumi. Shi kuwa in ya ga gajimare sai ya ƙara sauri.

A ƙarshe ya je babbar kasuwar birni, layin masu kayan tsibbu. Nan ya ga baƙonsa zaune a kan tabarma, ga kawunan ungulu jere a gabansa sun bushe, bakinsu a buɗe. Mutumin bai ma gane shi ba sai da ya faɗi sunan garinsu. Korau ya roƙe shi mai rai. Mutumin ya ce mai rai sai an tona, amma akwai guda a baya. Ya ɗaga wani buhu da ya rufe ta da shi. Wata tsohuwar ungulu ce cikin kejin waya wanda bai kai tsawonta ba, wuyanta a lanƙwashe, fiffike ɗaya a karye. Korau ya ce namiji fa. Mutumin ya yi dariya, ya ce in ka samo namiji ka kawo mini, ni ma nema nake.

Korau ya bar masa babur ɗin, ya ɗauki kejin, ya dawo gida a bayan motar itace.

Matarsa Tabawa ta ga abin da ya shigo da shi, ta ga ba babur, ta ga yadda ya rame. Ta tambaye shi. Ya gaya mata duka. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi masa gori ba. Ta ce, “Maigida, da wuƙar Baba ka yi?” Ya ce e. Ta shiga ɗaki.

Ya yanko hanta mai kyau ya miƙa wa ungulun. Ta dube shi, ta juya kai. Ya canza nama, ya jiƙa da ruwa, ya tura mata har baki. Ta ƙi. Tabawa ta fito ta karɓi naman ta miƙa, tsuntsuwar ta haɗiye nan take. Korau ya zauna a ƙasa yana kallonsu. Ba daga Tudun Kanya aka kamo ta ba, ba ta taɓa ganinsa ba, amma ta san hannunsa.

Washegari da azahar hadari ya haɗu sosai. Iska ta taso tana ɗaga bunun ɗakuna. Korau ya rungumi kejin ya sheƙa fadama da gudu. Tabawa ta ce ya tsaya ta kira Baffa ya raka shi. Bai tsaya ba.

Tsohon yana kan saiwar. Ya buɗe kejin da kansa, ya ɗora ungulun a kan cinya, yana shafa wuyanta yana miƙar da shi a hankali. Ta lumshe ido. Ya daɗe bai dubi Korau ba.

Korau ya ce ya zaga ƙasa, Baba, ya ƙarar da abin da ya mallaka, ita kaɗai ta rage. Ya ce a ƙara masa lokaci zuwa kaka. Ya ce yana da mata, yana sallah, shi ɗan musulmi ne.

Tsohon ya ce, “Da wa za ta haihu?”

Bai jira Korau ba, ya ci gaba.

“Guda ba iri ba ce. Wannan ta tsufa, ta sha wuya a hannunku, za ta huta a wurina. Kai kuma ba zan sallame ka hannu wofi ba.”

Ya ɗaga sandar ya taɓa Korau a hanci, ya taɓa shi a ciki. Taɓawa ce marar zafi. Sai ɗigon ruwa na farko ya faɗi a ƙasa tsakaninsu.

Korau ya koma gida cikin ruwa yana duba jikinsa. Hannu hannu ne, ƙafa ƙafa ce. Ya ce wa Tabawa ya tsira. Ta yi hamdala, ta tuƙa tuwo da miyar kuka, ta sa man shanu. Ya kai loma ɗaya baki ya tofar. Ya ce yashi ta zuba. Ta dama fura, ya kurɓa, ya amayar. Ta gasa masa nama na yanka mai kyau, ya tauna kamar tsumma.

Sai ya ɗaga hanci. A can ƙarshen gari, bayan makabarta, wata tunkiya ta mutu a cikin rami tun shekaranjiya. Ba wanda ya sani. Shi ya sani. Yawu ya cika masa baki.

Ya yi yaƙi, wannan dole a faɗa. Ya sa Tabawa ta ɗaure shi da igiyar shanu a jikin turke. Aka kira malamai, aka yi rubutu ya sha, aka yi hayaƙi. Baffansa ya zauna a kansa yana addu'a har muryarsa ta dushe. Gashin kansa ya zube. Wuyansa ya yi siriri, haƙarƙarinsa ya fito. In iska ta kaɗo daga juji sai ya yi ta gurnani yana cizon igiya, in ta juya ya yi ta neman gafarar Allah.

Wata rana Tabawa ta tafi rijiya. Ta dawo ta taras da igiya a tsinke.

Ta bi sawunsa har bayan gari. Rana tana tsaka, ba kowa a waje. Wani jaki ne ya kumbura, karnuka sun ja da baya sun yi da'ira suna kallo. Mijinta yana tsugune, kansa cikin cikin jakin har kafaɗa. Ta kira shi. Ya zaro kai.

Da hankalinsa ya gushe da an yi masa rahama. Bai gushe ba. Idonsa nasa ne, ya san ta, ya san abin da ke hannunsa. Hawaye yana bin fuskarsa yana wanke abin da ya shafe ta.

Ya ce, “Tabawa, ki juya baya.”

Bai iya jira ta juya ba. Ya mayar da kai.

Da farko mutanen gari jifansa suka yi. Aka hana shi masallaci, aka hana shi rijiya, alƙali ya raba auren. Tabawa ta koma garinsu, ba ta ƙara cin nama ba har ta mutu. Baffansa ya tuɓe rawanin fawa ya ajiye. Korau ya koma gindin rimi da zama.

Amma sai aka lura wari ya ragu. Karnuka suka rasa abinci suka watse. Gudawa ta tsaya. Ba wanda ya faɗa da baki, sai dai in dabba ta mutu a gidan mutum, ya ɗaura mata igiya a ƙafa ya ja ta zuwa bakin fadama, ya saki ya juyo da sauri. Waɗanda suka jefe shi su ne suka fi kai masa. Suka ji daɗin garinsu, suka ci gaba da sare abin da ya rage na itace.

Waɗanda suka san shi duk sun mutu. Shi bai mutu ba, don ba a ba shi wanda zai karɓe shi ba. Masu dawowa daga gona sukan hango shi daga nesa, tsugune a kan reshe, kafaɗunsa sun ɗago sun wuce kansa. Sun ce in ladan ya kira azahar yakan sauko ya tsaya ya fuskanci gabas, ya ɗaga hannu, sai ya dubi hannun ya sauke.

Saboda haka ku buɗe kunnuwanku, musamman ku 'yan matan nan masu yawon itace. Kada in ji an ce waninku ya bi ta fadama shi kaɗai da tsakar rana, ko da an aike shi, ko da uwarsa ce ta aike shi. In kun ji daji ya yi tsit, ku juya. In tsoho ya kira ku da sunan kakanku, kada ku amsa, kada ku dubi ƙasa. Garken makiyayin nan yanzu mutum ɗaya ne, namiji. Mace yake nema.

Ku tashi ku yi addu'a ku kwanta.